Idan Ruwan Rijiya Ya Fara Warin Ruɓaɓɓen Ƙwai

Wannan warin iskar haidirojin salfaid ce. Galibi wasu bakteriya ne ke haifar da ita, masu rayuwa inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, suna cin sinadarin salfet da ke cikin ruwa. Wani lokacin kuma daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa take fitowa.

Kafin a zuba magani, a gano tushen warin. Idan ruwan zafi kaɗai ke wari, matsalar tana cikin hita: sandar magniziyom da ke hana tankin tsatsa ce ke taimaka wa bakteriyar. A musanya ta da ta alminiyom da zinki. Idan warin ya ragu bayan famfo ya yi minti biyar yana zuba, bakteriya sun yi gida a rijiyar ko a bututu. Idan bai ragu ba, daga ƙasa yake, kuma wankin rijiya da kulorin (sinadarin kashe bakteriya) na lokaci ɗaya ba zai raba ku da shi ba. Sai matatar gawayi idan iskar ba ta kai miligiram 1 a lita ba, ko na'urar buga wa ruwa iska.

Wankin rijiya da kulorin lissafi yake so, ba ƙiyasi ba. Bututu mai faɗin santimita 15 na ɗaukar kusan lita 18 a kowace mita ɗaya ta zurfin ruwa. Rijiyar da aka haƙa mai faɗin mita 1 kuwa, kusan lita 785 a kowace mita ɗaya ta zurfin ruwa. Ga kowace lita 1,000, a sa lita 4 na bilic (ruwan wanki mai kulorin) mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, marar turare. A dama shi a bokiti, a zuba, sannan a mayar da ruwan famfo cikin rijiyar da tiyo don a wanke bangonta. A buɗe kowane famfo har a ji ƙanshin kulorin, a rufe, a bar shi awa 12 zuwa 24. Daga nan a zubar da ruwan nesa da shuka da sokawe. Inda yauƙi mai launin tsatsa ya yi kauri, a kankare shi tukuna, domin kulorin ba ya ratsa shi, shi ya sa warin ke dawowa. Bayan mako ɗaya zuwa biyu a kai ruwan gwaji.

Kada a haɗa bilic da asid ko amoniya. Kuma kada kowa ya sauka cikin rijiyar: iskar haidirojin salfaid ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasa, kuma idan ta yi yawa tana kashe jin wari, har mutum ya suma bai ji komai ba.