Kula da fata lokacin gashin sankarar mama

Kusan duk matar da aka yi wa gashi da hasken na'ura (radiotherapy) a ƙirji saboda sankarar mama sai fatarta ta canza, ko kaɗan ko da yawa. Hasken da na'urar ke harbawa yana ratsa fata kafin ya kai inda ake nufi, a hanya kuma yana lalata ƙwayoyin ƙasan fata masu haifar da sabuwa. Ta sama ba ta nuna komai nan take, sai ta zube an rasa wadda za ta maye gurbinta. Shi ya sa makon farko yakan wuce lafiya lau, alamu su fara bayan kwana 10 zuwa 14, abin kuma ya kai ƙarshen tsananinsa mako ɗaya zuwa biyu bayan an gama gashin. A nan ake yawan shan mamaki. Matar da ta zo Zariya ko Sakkwato ko Abuja daga nesa takan koma gida da murnar an gama, can kuma fatar ta saɓule, ba likita kusa. Saboda haka kafin a sallame ki, ki tanadi kayan wanke ciwo, ki kuma karɓi lambar wayar sashen da ya yi miki gashin.

Tsawon gashin ya bambanta. Akwai zama 25 cikin mako biyar, akwai zama 15 cikin mako uku, akwai ma zama biyar cikin mako guda. Gajeren tsarin bai fi dogon cin fata ba, sau da yawa ma ya fi sauƙi. Abin da ke ƙara tsananin shi ne girman mama, ƙiba, ciwon suga, shan taba ko shisha, ƙarin gashi a gurbin da aka cire ƙari, da wani faifai mai laushi da ake shimfiɗawa a ƙirjin wadda aka cire wa mama domin hasken ya kama fata da gangan.

Littattafan likitanci suna cewa fata za ta yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin da za ki gani shi ne wurin ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko sheƙi, ga ƙaiƙayi da ɗaurewa. Daga nan sai bushewa da ɓarewa. Mataki mafi wahala shi ne fatar ta saɓule tana tsattsafo da ruwa. Ki riƙa duba ƙarƙashin mama da madubi kullum, da hammata, da kan nono, da gindin wuya. In gashin ya haɗa da saman ƙashin wuya, a duba miki bayan kafaɗa ma, don hasken yana fita ta can.

Wanka ba ya cutar da wurin, rashinsa ne ma ke jawo ƙwayoyin cuta. Ki yi da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, da tafin hannu kawai, ban da soso. Ki tsane da tawul mai laushi ta hanyar dannawa a hankali, kada ki goga, ki kuma ɗaga maman ki tabbata ƙasansa ya bushe. Wankan ibada ma haka, zuba ruwa ya wadatar. Alamomin da aka zana miki a ƙirji kada ki kankare su, da su ake saita na'ura. In sun dushe, ma'aikatan ne za su sabunta.

Tun ranar farko ki fara shafa mai marar turare sau biyu a rana, siriri, a duk faɗin wurin har hammata. Lokacin hunturu kina iya ƙarawa. In man kaɗanya zalla kike da shi, ki nuna wa nas kafin ki fara. Kada ki lafta mai da kauri gab da shiga na'ura, domin kaurin yana ƙara yawan hasken da ke tsayawa a fata.

Cikin magungunan shafawa, wanda bincike ya fi goyon baya shi ne mometasone mai ƙarfin 0.1%, ko betamethasone. Ƙungiyar MASCC, mai tsara ƙa'idojin kula da masu sankara, ta sa su cikin shawarwarinta na 2023, tare da siririyar leda ta musamman irin Mepitel Film da ake manna wa ƙirji tun farkon gashi. Ledar tana da tsada kuma zufa tana ɓamɓare ta, man kuwa ana samunsa a kemis. Likita ne zai rubuta shi, yawanci sau ɗaya a rana, a kan fatar da ba ta fashe ba kaɗai. Kada ki sayi irin mayukan nan masu haɗin magani uku da ake bilicin da su ki ce ai duk ɗaya ne. Alobera kuma, duk da sunan da ta yi, gwaji bai nuna tana hana wannan ƙunar ba.

Abin da ke ɓata lamari galibi daga gida yake fitowa, da kyakkyawar niyya. Turare da humra, dilka da halawa, aski da reza, Robb da sauran man zafi, gashi da ruwan zafi ko ɗora ƙanƙara, duk a nisanta su daga gefen da ake yi wa gashin har fata ta warke. Hoda tana dunƙulewa da zufa a ƙarƙashin mama ta riƙa gurzar wurin. Filasta mai ɗanko kan taho da fata in an ɓare ta. Rigar mama mai ƙarfe a ƙasa tana dirzar daidai inda ya fi rauni, don haka ki sa sakakkiyar rigar auduga, a gida kuma ki bar wurin ya sha iska. Lokacin bazara ki sa ƙyallen auduga mai laushi a ƙarƙashin mama, ki canza da zarar ya jiƙe.

In fatar ta saɓule, ki daina shafa mai da maganin a daidai wurin, ki sanar da masu yi miki gashi a ranar. Kada ki daina zuwa gashin sai da izinin likita, tsallake zama yana rage ƙarfin maganin. Ana wanke ciwon da ruwan gishiri na asibiti. In babu, ki tafasa ruwa lita ɗaya da gishiri gram 9, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ki bari ya huce a rufe, ki zubar da ragowar bayan awa 24. Ki jiƙa bandeji mai tsabta ki ɗora na minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, sannan a rufe da abin rufe ciwo wanda ba ya mannewa, a riƙe shi da riga maimakon filasta. Audugar asibiti tana barin zare cikin ciwo. Sifirit, aidin da shuɗin maganin nan da ake kira jibi (GV) suna busar da wurin su kashe sabuwar fatar da ke tsirowa, jibi kuma yana ɓoye launin ciwon har likita ya kasa gane halin da yake ciki. Wani lokaci likita kan rubuta man shafawa na silver sulfadiazine. Ki faɗa masa in maganin Septrin yana yi miki illa, kuma a wanke man tas kafin shiga na'ura. Farasitamol yana rage zogi.

Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ruwan ciwo mai wari ko mugunya, kumburi mai yaɗuwa, zubar jini, ko zafin da ke hana barci, waɗannan na asibiti ne a ranar, ko da na garinku ne. Mai ciwon suga ta fi kowa buƙatar gaggawa.

Yawancin ciwon yana rufewa cikin mako biyu zuwa huɗu bayan ya kai tsananinsa. Duhun fata yakan ɗauki watanni kafin ya washe, wani ma ba ya komawa daidai, kuma man bilicin ƙara lalata shi yake yi. Ki ci gaba da shafa mai, ki riƙa rufe wurin daga rana ko bayan shekara. In daga baya aka ba ki wani maganin sankara sai tsohon wurin ya sake tashi, ki gaya wa likita cewa an taɓa yi miki gashi a nan, domin wasu magungunan suna tayar da shi.