Yadda ake sayen wasannin kwamfuta da rangwame daga Maradi

Duk wanda ya saba shiga Babbar Kasuwar Maradi ya san yadda ciniki yake tafiya: mai kaya ya faɗi kuɗi, mai saye ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara kaɗan, har a kai ga sallamawa. A shagunan intanet da ke sayar da wasannin kwamfuta, irin su Steam da Epic Games Store da GOG, babu wanda za ka taya wa, domin farashin a rubuce yake. Sai dai wannan farashi yana sauka da kansa a wasu lokuta sanannu na shekara, wani lokaci da rabi, wani lokaci da kashi 80 cikin 100, saboda haka jira shi ne tayin mai saye a wannan kasuwa. Ga yadda ake shirya wa lokacin tun kafin ya zo.

Mataki na farko shi ne sanin kalandar rangwamen. Steam, wanda kamfanin Valve na Amurka ya buɗe a 2003, shi ne babban shago, kuma yana yin manyan rangwame sau huɗu a shekara. Biyu daga ciki su ne mafi girma, kowanne yana ɗaukar kimanin mako biyu: na ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, wanda ke zuwa daidai da shigar damina da kusantar babban hutun ɗalibai a nan, da na ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, a tsakiyar hunturu. Akwai na watan Maris, akwai kuma wanda aka daɗe ana yi a ƙarshen Nuwamba, amma a 2025 aka dawo da shi ƙarshen Satumba. Sunayen da shagon ke ba su na yanayin Turai da Amurka ne, don haka watanni ya kamata a riƙe. Ana buɗe rangwamen da ƙarfe 10 na safe agogon yammacin Amurka, wato ƙarfe 6 na yamma agogon Nijar a watan Yuni, da ƙarfe 7 a watan Disamba. Epic Games Store, wanda aka buɗe a Disamba 2018, yakan yi nasa babban rangwame wajen Mayu zuwa Yuni da kuma ƙarshen shekara.

Mataki na biyu ya kamata a yi shi makonni kafin lokacin: ka buɗe asusu, ka zuba duk wasan da kake sha'awa a cikin jerin abubuwan buri da kowane shago ke bayarwa. Amfanin jerin biyu ne. Steam zai aiko maka da saƙon imel idan wani wasa daga ciki ya sauka, sannan kuma jerin zai tsare ka daga ruɗin ranar buɗewa, lokacin da dubban wasanni ke ɗauke da koriyar alamar ragi, mutum ya shiga neman abu ɗaya ya fito da biyar waɗanda ba zai taɓa buɗewa ba.

Kafin wasa ya shiga jerin ma, a duba ko kwamfutar za ta iya ɗaukarsa. A ƙasan shafin kowane wasa an rubuta mafi ƙarancin abin da yake buƙata: ƙwaƙwalwar aiki, katin hoto, da girman wurin ajiya. Yawancin kwamfutocin hannu da ake saya ƴan gwanjo an ƙera su ne don aikin ofis, ba su da katin hoto na daban, kuma tun ranar 1 ga Janairu 2024 Steam ya daina aiki da Windows 7 da Windows 8. A ƙara da zafin Afrilu da Mayu, wanda ke sa na'ura ta rage gudu don kare kanta. Wasan da kwamfutarka ba ta iya juyawa ya yi tsada ko da jika guda aka sallama maka shi.

Mataki na uku, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, shi ne tantance ko ragin na gaske ne. Alamar da ke cewa an rage kashi 50 cikin 100 ba ta faɗin komai sai an san daga nawa aka rage. Manyan sababbin wasanni sun daɗe ana sayar da su dalar Amurka 59.99, daga 2020 kuma kamfanoni da dama suka koma 69.99. Rabin wannan kuɗi har yanzu dala 35 ne, alhali tsohon wasa mai inganci na dala 39.99 da aka rage wa kashi 75 cikin 100 ya koma dala 10. Akwai shafuka biyu na kyauta da ke taimakawa a nan. SteamDB yana nuna tarihin farashin kowane wasa a Steam, har da mafi ƙanƙantar kuɗin da aka taɓa sayar da shi, IsThereAnyDeal kuma yana kwatanta farashin wasa ɗaya a shaguna halattattu masu yawa. Idan ragin yau ya kai mafi ƙanƙantar farashin da aka taɓa gani, ko ya kusa, to lokacin saye ya yi. Idan kuwa tarihi ya nuna cewa duk bayan wata biyu wasan yana sauka ƙasa da haka, sai a ƙyale shi ya sake zagayowa.

Yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa ragin ke da zurfi haka, domin sanin dalilin yana sa haƙurin ya yi sauƙi. Ɗan kasuwar da ya sari buhun gero ba zai sayar ƙasa da kuɗin da ya saro ba, amma kwafin wasa na dijital ba ya cin kuɗin ƙira ko dako ko sito. Da zarar an gama haɗa wasan, kowane kwafi da aka ƙara sayarwa kusan riba ce zalla. Valve yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na cinikin yawancin wasanni, Epic ba ya wuce kashi 12, saura na mai wasan ne, kuma mai wasan ne ke yanke yawan ragin da zai yi. Ya fara da sayar wa masu ɗoki a cikakken farashi, sannan ya riƙa saukowa a hankali don ya kamo waɗanda suka tsaya. Dokokin Steam sun hana a ƙara farashi yau a yi shelar ragi gobe, sai an bar kwana 30 a tsakani, abin da ya rage irin wannan wayo ko da bai kawar da shi gaba ɗaya ba.

Masu son ƙwallo, waɗanda su ne mafi yawa a ɗakunan wasa na gari, su fi kowa lura da wannan. EA Sports FC, wanda har zuwa fitowar 2022 ake kira FIFA, yana fitowa kowace shekara a ƙarshen Satumba, kuma kafin Disamba ta ƙare ya saba sauka sosai, domin kamfanin ya san cewa nan da ƴan watanni wani sabo zai danne shi. Wanda ya iya daure wata uku ya tsira da kuɗi mai kauri. Shi kuwa eFootball na kamfanin Konami, magajin PES, kyauta ake sauke shi tun 2021.

Kada kuma agogon da ke ƙirga sa'o'i a shafin ya firgita ka. A da Steam yana yin ragi na ƴan sa'o'i a tsakiyar rangwame, amma tun ƙarshen 2015 ya daina, yanzu farashin ranar farko shi ne na ranar ƙarshe. A rangwamen Yuni da na Disamba kana da mako biyu cur na tunani da tara kuɗi.

Mataki na huɗu shi ne juya farashin zuwa sefa, kuma a nan akwai tarkon da mutumin Maradi kaɗai zai gane. A bakinmu dala tana nufin sefa 5, har yaro ya ji an ce wasa dala goma ne ya ɗauka kuɗin ƙosai ake magana. Dalar da ke shafin ta Amurka ce, kuma darajarta tana hawa da sauka, saboda haka sai an duba canjin ranar. Idan aka ƙaddara, don misali, dala ɗaya tana sefa 600, wasan dala 10 jika 6 ke nan, na dala 69.99 kuma ya tasam ma jika 42. Inda aka rubuta farashi da yuro lissafin ya fi sauƙi, tunda canjinsa a tsaye yake: yuro ɗaya sefa 655.957. A kan wannan sai a ɗora ladan da banki ke cira na biyan kuɗi zuwa waje.

Sannan akwai kuɗin da ba a rubuta a shafin ba, wato na intanet. Manyan wasannin zamani suna kaiwa giga 50 zuwa 100, wasu ma sun wuce. Red Dead Redemption 2 yana neman giga 150 na wurin ajiya. Ga wanda ke sayen intanet a layin waya, kuɗin sauke irin wannan wasa zai iya ninka kuɗin sayensa. Ka duba girman wasan, ka lissafa abin da gigogin za su ci a tsarin layinka, ka tara da farashin, wannan jimillar ita ce ainihin tsadarsa a Maradi. Da wannan lissafi za ka ga cewa ƙananan wasanni da tsofaffi, waɗanda ba su kai giga 10 ba, sau da yawa su ne arahar gaskiya.

Mataki na biyar shi ne biya. Shagunan nan ba su karɓar kuɗin waya irin su Airtel Money kai tsaye, kati suke so, Visa ko Mastercard. Wanda ba shi da asusun banki zai iya neman katin da ake lodawa kuɗi tukuna, ya kuma tambayi bankin a fili ko an buɗe katin don sayayya ta intanet zuwa ƙasashen waje, ya tabbatar lambar wayar da ke karɓar saƙon tabbatarwa tana hannunsa. A loda abin da ya ɗan haura farashin saboda lada da motsin canji, kuma a gwada katin da ƙaramin saye tun kafin rangwamen, domin ranar ƙarshe ba ranar zirga-zirgar banki ba ce. Wata hanyar ita ce katin kyauta na Steam, wanda ɗan'uwa da ke waje zai iya saya ya turo maka.

Abubuwa biyu a guje musu. Na ɗaya, sauya ƙasar asusu ta hanyar VPN, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, don neman farashin wata ƙasa ya saɓa wa yarjejeniyar Steam, yana iya jawo a taƙaita asusun, kuma ribar ta ragu tun Nuwamba 2023 da Valve ya mayar da farashin Turkiyya da Ajantina zuwa dala. Na biyu, masu tallar asusu cike da wasanni a WhatsApp da Facebook kan kuɗi kaɗan: asusun na wanda ya buɗe shi ne, kuma yana iya karɓe abinsa ranar da ya ga dama. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta fi dacewa.

Kada a manta da abin da ake samu ba ko sisi. Kowace Alhamis da la'asar Epic Games Store yana ba da wasa kyauta, kuma duk wanda ya danna ya karɓa cikin makon ya shiga asusunsa ke nan, ko da bai sauke shi a lokacin ba. A Mayu 2020 har GTA V ya bayar, cunkoson jama'a ya tsayar da shagon na sa'o'i. A ƙarshen Disamba kuma yakan bayar da sabo kowace rana. Karɓar ba ta cin intanet ɗin kirki, saboda haka ɗalibin da ba shi da kati zai iya tara wasanni masu yawa cikin shekara guda.

Bayan an biya, saura saukewa. Idan layinka yana da tsarin dare mai rahusa, a bar aikin sai dare. Steam yana ci gaba daga inda ya tsaya idan wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke, don haka ana iya raba saukewar kwana da kwanaki. Idan abokinka ya riga ya sauke wasan, ka kwafi fayilolinsa a faifan ajiya na waje ka zuba a taka kwamfutar, Steam zai duba su ya sauke ɗan abin da ya rage kawai, muddin kai ma ka sayi wasan a asusunka. GOG, shagon da aka kafa a Folan a 2008, ya fi dacewa da halinmu ta wannan fuska, domin yana ba da fayil ɗin girkawa wanda za ka adana, ka girka duk lokacin da kake so ba tare da intanet ba. Bambancin yana da nauyi, tunda daga Oktoba 2024 Steam da kansa ya fara rubutawa a wurin biya cewa lasisin amfani da wasan kake saya.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji cikin lokaci. Tun 2015 Steam yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga wasan sa'a biyu ba, Epic ma haka, GOG kuma yana ba da kwana 30. Kwanakin suna fara ƙirguwa daga ranar saye, saboda haka wanda intanet ɗinsa ke jan ƙafa kada ya sayi babban wasa ya ajiye sai wani wata. Ya sauke nan da nan, ya buɗe, ya ga ko yana tafiya lafiya a na'urarsa, yana kallon agogo kada ya haura sa'a biyun. Idan kuma ka sayi wasa a cikakken farashi sai rangwame ya faɗo bayan ƴan kwanaki, Valve ya bayyana cewa ba laifi ba ne ka nemi a mayar maka da kuɗinka ka sake saye a sabon farashin, matuƙar kana cikin sharuɗɗan nan biyu. Wajen cike buƙatar za a tambaye ka ko a mayar da kuɗin kan kati ko a asusun Steam. Idan kana da niyyar sake saye cikin wannan rangwamen, zaɓi asusun Steam, domin komawar kuɗi kan katin banki daga waje takan ɗauki kwanaki fiye da komawarsa asusun Steam, kuma rangwamen yana iya rufewa kafin su iso.