Daidaita Rawar Mata da Maza a Gajeren Fim na Sifaniya

Tun a rubutun labari ake gyara rashin daidaito tsakanin rawar mata da ta maza, kafin a kira 'yan wasa. Ka ɗauki rubutun ka ƙirga layukan da kowane jarumi zai faɗa. A fim na minti 15, mace za ta iya fitowa sau biyar amma duk maganarta a kan saurayi ko miji take. To a ba ta wata buƙata tata ta kanta, wadda za ta juya labarin.

Sai ma'aikatan bayan kyamara. Hukumar fina-finai ta Sifaniya, ICAA, tana ƙara maki ga masu neman tallafi idan mata ne ke riƙe da ba da umarni, rubutu ko ɗaukar hoto. CIMA, ƙungiyar mata masu harkar fim a Sifaniya da aka kafa a 2006, wuri ne mai kyau na neman ƙwararrun mata a wannan sana'a.

Ban da batun mata da maza, inda aka fi tuntuɓe shi ne nuna ɗan Maroko ko ɗan ƙabilar Roma (waɗanda ake kira Gitanos a Sifaniya) kullum a matsayin ɓarawo ko abin tausayi. A ba mutumin wannan al'umma rubutun ya karanta tun daftarin farko, a kuma biya shi.