Kurakuran da sababbin malamai ke maimaitawa a Saudiyya

Duk shekara idan an buɗe makarantu a ƙarshen Agusta, sai ga sababbin malamai sun sauka Jidda ko Riyad daga Kano, Zariya, Sakkwato, Damagaram. Kafin zangon farko ya ƙare, koke-koken da aka ji bara su ne ake sake ji bana. Na gaji da maimaita magana ɗaya a majalisa bayan Isha'i, shi ya sa na rubuta. Yawancin abin da ke jefa malami cikin wahala a nan halinmu ne na gida, wato kunya da kara da "ai mutumin kirki ne", muke kawowa ƙasar da komai a rubuce yake cikin kwamfuta, ƙarƙashin lambar igamarka, wato katin izinin zama a ƙasar.

A fara da kwantiragi, don nan ake asarar kuɗi mafi yawa. Malamin makarantar kuɗi yana ƙarƙashin dokar ƙwadago, kuma kwantiraginsa na zuwa masa ta manhajar Qiwa, ya amince ko ya ƙi. Sabon zuwa sai ya danna amincewa cikin minti ɗaya, wai kada shugaban makaranta ya ga kamar bai yarda da shi ba. Malam, wace irin kunya ce wannan? Takardar da aka turo maka kana Najeriya da wadda ke cikin Qiwa suna iya bambanta, kuma idan rikici ya tashi wadda ka amince da ita ake dubawa. Idan an rubuta ta da Larabci da Turanci, dokar ta ce Larabcin ake bi. Zauna da wanda ya iya Larabcin ofis, ku bi ta layi-layi: albashi na asali nawa, kuɗin gida nawa, kuɗin mota nawa, darasi nawa a mako, tikitin hutu naka kaɗai ne ko da iyali, watannin hutun bazara ana biya ko ba a biya. Abin da aka faɗa maka da baki a ofis ana zuba maka gahawa, in bai shiga takarda ba, ka ɗauka ba a faɗa ba.

Sai kuɗin sallama, wanda mutane ke zubarwa saboda fushi. Lissafinsa: rabin albashin wata ga kowace shekara a shekaru biyar na farko, albashin wata cikakke ga kowace shekara bayan nan, a kan albashinka na ƙarshe. Amma wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara biyu ba shi da ko halala. Daga shekara biyu zuwa biyar, kashi ɗaya cikin uku. Daga biyar zuwa goma, biyu cikin uku. A ce albashinka riyal 6,000 ne, ka yi shekara huɗu: in ka bari wa'adin kwantiragi ya cika, riyal 12,000 ne haƙƙinka, in kuwa ka yi zuciya ka ajiye a tsakiyar shekara, 4,000 ne, kuma makaranta na iya neman diyya. Ni dai shawarata, ka danne zuciya har wa'adi ya matso, ka ba da sanarwar ba za ka sabunta ba, a rubuce, ka ajiye kwafi. Malaman jami'o'in gwamnati nasu tsarin daban ne, su nemi ƙa'idar ɗaukar ma'aikata baƙi ta jami'o'i su karanta.

Igama kuwa kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, shi ke fitar da ita, cikin kwana 90 da shigowarka, bayan gwajin asibiti. Kafin ta fito buɗe asusun banki na da wuya, saboda haka ka zo da guzurin wata biyu a hannu. Fasfonka ya zauna a wurinka, doka ba ta ba kafili damar riƙe shi ba.

Yanzu ga wanda ya fi ɓata mini rai. Igamarka ba ta aro ba ce! Ɗan gari ɗaya zai zo da gaisuwa mai tsawo, "Malam, don Allah a yanka mini layin waya da sunanka", ko "za a turo wasu kuɗi asusunka, sai ka cire ka ba ni", ko "ƙanena ne ya zo Umra, bizarsa ta ƙare, ya ɗan kwana biyu a ɗakinka". Kai kuma kana jin nauyin cewa a'a. To ka sani, duk abin da aka aikata da layin nan kai za a nema. Kuɗin da ke shiga asusunka kuwa ana gwada su da albashin da aka san kana karɓa, in sun zarce ba bayani, asusun ne zai tsaya cak, kai kuma ka shiga amsa tambayoyi. Ɓoye wanda ba shi da takarda laifi ne mai tara har riyal 100,000 da ɗauri, sannan kora. Wanda ka yi wa karar zai ci gaba da harkarsa a Makka, kai da ka zo da digiri da biza ta halak kana tsare a Shumaisi, gidan tsare waɗanda za a kora, kana jiran jirgi. Wane taimako ke nan? In kana son taimakon ɗan'uwa, ciro riyal ɗari daga aljihunka ka ba shi, ka yi masa addu'a. Lokaci-lokaci ka duba layuka nawa ke kan igamarka, wanda ba ka sani ba ka sa a rufe.

Ƙanin wannan shi ne lesin a gidajen mutane. Uban yaro zai tare ka a ƙofar makaranta ya yi maka tayi mai daɗi, musamman in Turanci ko lissafi kake koyarwa. Aiki ga wanda ba kafilinka ba haramun ne a doka, kuma ranar da kuka saɓa da uban yaron, ko wani abokin aiki ya ji haushi, waya ɗaya ta isa.

Kalanda ma na kayar da mutane. An daɗe ana lissafin igama da watan Hijira, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka. Malami zai tafi hutu da bizar fita da dawowa, wadda ake kira huruj wa auda, ya lissafa a ka, ya zo filin jirgin Malam Aminu Kano a ce masa ta ƙare shekaranjiya. Buɗe Absher, manhajar gwamnati ta harkokin igama da biza, rubuta ranar ƙarshe da kalandar biyu, ka sayi tikitin dawowa da ratar mako ɗaya aƙalla. Ka kuma tabbata igamar ba za ta mutu kana gida ba. Tarar Saher, kyamarar da ke kama masu karya dokar tuƙi, da ba ka biya ba tana iya tsayar maka da bizar, ka duba tun da sauran lokaci.

Masu gaggawar ɗauko iyali su yi lissafi tukuna: tun 2020 kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinka riyal 400 ne a wata. Uwargida da yara uku, 1,600 ke nan, shekara 19,200, ba a zo maganar makarantar yara ba. Kada kuma ka riƙa juya albashi zuwa naira kana murmushi, kayan kanti akwai harajin kashi 15 a kansu, hayar gida sau da yawa ta wata shida ake biya a dunƙule, kuma gidan na iya zuwa ba na'urar sanyaya ɗaki. Haya a yi ta ta Ejar, manhajar gwamnati ta rajistar haya, ban da yarjejeniyar baki.

A aji, manta da bulala, an hana dukan ɗalibi. Kada ka ɗauki hoton yara ko bidiyonsu ka ɗora a Facebook, dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tara har riyal 500,000 kan keta sirrin mutane da kyamarar waya. Larabcin littafi da ka sha a zaure ba shi yara ke yi ba, za ka ji "esh" a Jidda, "wesh" a Riyad (duka ma'anarsu "me"), "abga" a maimakon "uridu". Ka koya a watan farko, in ba haka ba a gabanka za su yi da kai.

Goro da laya a bar su a gida, maganin asibiti a zo da takardar likita, saƙon da ba ka buɗe ba kada ka karɓa a filin jirgi ko na wane ne, safarar ƙwaya hukuncinta kisa ne. Hajji ba tasrihi, wato takardar izini, a 2025 tara har riyal 20,000 aka sa, da kora da hana shigowa shekara goma, ka yi rajista ta manhajar Nusuk ka jira rabonka. Mako daga Lahadi yake farawa zuwa Alhamis. Wanda aka tura Tabuk ko Ha'il ya sayi bargo da rigar sanyi tun Nuwamba, sanyin can ya fi hunturun Jos.