Yadda Ake Kai Rahoton Illar Magani ga NAFDAC

Gwajin da ake yi wa magani kafin ya shiga kasuwa ba ya gano illolin da ba kasafai suke faruwa ba, shi ya sa NAFDAC, hukumar da ke kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya, take dogara da rahotannin ma'aikatan lafiya da na jama'a.

Da farko, idan fuskar majiyyaci ta kumbura, ko ƙuraje suka feso masa, ko numfashinsa ya sarƙe bayan shan magani, a garzaya da shi asibiti.

Na biyu, a adana kwalin maganin, domin a jikinsa ake samun lambar rajista, da lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar ƙarewar wa'adinsa.

Na uku, a rubuta ranar da aka fara sha, da adadin da aka sha, da lokacin da alamun suka bayyana. A ambaci duk abin da aka haɗa da shi, har jiƙo da maganin gargajiya, waɗanda mutane suka cika ɓoyewa.

Na huɗu, a cike fom ɗin rahoto mai ruwan ɗorawa a asibiti, ko a aika ta manhajar Med Safety. Ba sai an tabbatar maganin ne sanadi ba, zato kaɗai ya wadatar.