Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar gwajin ji da bayyana shi ga mutane

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da sakamakon gwaji kashi cikin ɗari. Mutum ya ga lamba 50 a takardarsa, sai ya ce wa iyalinsa rabin jinsa ya tafi. Da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ake auna ji, kuma lambar tana nuna mafi ƙarancin sautin da kunne ya iya kamawa. Sifili ma ba shiru ba ne, wurin da lafiyayyen kunnen matashi yake fara ji ne. Abin da ya dace shi ne a faɗi mataki. A rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2021, ƙasa da desibel 20 lafiya ce, 20 zuwa 34 raguwa kaɗan, 35 zuwa 49 matsakaiciya, daga nan tsanani yana ƙaruwa har zuwa 95, inda ji ya ɗauke gaba ɗaya.

Sai dai matakin shi ma yana ɓoye abu, kuma nan ne ake zaluntar mutane da yawa. Lambar nan tsaka-tsaki ce da aka fitar daga sautuka huɗu: 500, 1000, 2000 da 4000 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne). Wanda tsufa ko hayaniyar injina ta taɓa masa kunne, yawanci siraran sautuka yake fara rasawa, masu kauri kuwa suna nan. Yana jin wasula sarai, amma baƙaƙe irin s, f da sh suna kuɓuce masa, har "sata" da "fata" su zame masa ɗaya. Shi ya sa yake cewa, "Ina ji, ganewa ce ba na yi." Mutanen gida kuma su ce ai yana ji in ya ga dama, tunda ya ji an rufe ƙofa. Wannan zargi yana da ciwo, kuma ba gaskiya ba ne. A duba layin da ke kan takardar: in ya gangara ta hannun dama, siraran sautuka ne suka tafi. A kuma nemi gwajin maimaita kalmomi, domin shi ne yake nuna yawan maganar da mutum yake ganewa.

Wasu kan haɗa kunnuwa biyu su ba da amsa ɗaya. Alhali a takardar kowane kunne da alamarsa: jan da'ira kunnen dama ne, shuɗin X na hagu. Mai kunne ɗaya lafiyayye yakan kasa gane daga ina murya take zuwa, don haka ya faɗa wa mutane gefen da za su zauna.

Akwai kuma rashin tambayar inda matsalar take. Na'urar da ake ɗorawa a ƙashin bayan kunne yayin gwaji ita take bambance toshewar hanya, kamar dauɗa, ruwa ko hujewar dodon kunne, da lalacewar can ciki. Ta farko sau da yawa tana da magani ko aiki, ta biyu kuwa galibi na'urar taimakon ji take buƙata. In ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, a je asibiti a ranar, kada a jira.

Wajen yi wa mutane bayani, faɗin "ba na ji sosai" kaɗai yakan sa su ɗaga murya, ihu kuwa yana ƙara cakuɗa kalmomi. Gara a faɗi abin da ake so dalla-dalla: "Ka fuskance ni in za ka yi magana, ka rage sauri, a kashe rediyo. In ban gane ba, ka sake faɗa da wasu kalmomin."