Yawon ganin namun daji a ƙasashen waje: kurakuran da matafiyan Abuja da Jos suka fi yi

Yawancin tallan da ake gani a Instagram na yawon ganin namun daji a Kenya, Tanzaniya, Ruwanda ko Yuganda, ba don mai koren fasfo aka rubuta su ba. Kamfanonin can da baƙon Turai da Amurka suka saba, shi ya sa idan suka ce "ana bayar da biza a filin jirgi", ko "katin banki kawai za ku riƙe", da shi suke magana. Wanda ya taso daga Abuja ko Jos sai ya sake tantance kowace magana da kansa, kuma akasarin asarar da ake yi tun a gida ake ƙulla ta, kafin a taka jirgi.

Sayen tikiti kafin takardu

Babu kuskuren da ya kai wannan cin kuɗi. Mutum ya ga tikiti mai araha, ya saya, sannan ya soma tambayar biza. Tsarin da ya dace shi ne: a fara tabbatar da gurbi a cikin ayarin da ranakunsa, a nemi izinin shiga ƙasar, tikiti ya zo a ƙarshe, ko kuma a sayi wanda ake iya sauya masa rana.

Tanzaniya ce ta fi kama mutane. Nijeriya na cikin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a bakin iyaka. Ana cike takarda ta intanet, a tura ta hedikwatar shige da fice a tantance, abin da kan ɗauki makonni. A ba shi wata biyu. Wannan ya haɗa da Zanzibar, wadda tun watan Oktoba na 2024 ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44, ko da mutum na da tasa. Kenya ta sauya tsarinta sau biyu cikin ɗan lokaci: a Janairun 2024 ta maye gurbin biza da izinin tafiya na intanet, a 2025 kuma ta ɗauke wa yawancin ƙasashen Afirka wannan izini. Ruwanda ta fi kowa sauƙi, ɗan Afirka na shiga ya yi kwana 30 ba kuɗin biza. Saboda haka ayarin da zai fara daga gandun dajin Masai Mara na Kenya ya tsallaka gandun Serengeti na Tanzaniya tafiya ɗaya ce a takardar kamfani, amma a wajenku ƙasa biyu ce da doka biyu. Ku duba shafin hukumar shige da fice ta kowace ƙasa a makon da za ku biya kuɗi, kada ku tsaya ga labarin wanda ya je bara.

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 daga ranar shiga, da shafi biyu da ba a buga wa komai ba. Sai katin rigakafin shawara, wato yalo kad. Ana biyan kuɗinsa ta intanet, a kai rasit ofishin Port Health, a yi allura, a karɓi kati. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya yana riƙe da katin da ma'aikacin lafiya a can ke da damar ƙi. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Kada a sayi kati a hannun 'yan tasha ba tare da allura ba. Ban da haɗarin kamu, cutar kisa take yi.

Mutanen Jos, ƙarin magana ɗaya. Filin jirgin Heipang ba ya tashin ƙasashen waje, kuma hanyar Akwanga da Keffi ba ta da alƙawari. Ku kwana a Abuja. Ayari ba ya jiran mutum ɗaya: motoci kan bar Nairobi ko Arusha ta Tanzaniya da sassafe, wanda ya makara shi zai ɗauki shatar motar da za ta bi bayansu da kuɗin aljihunsa. Gara ma a sauka kwana ɗaya kafin ranar farawa, musamman mai canjin jirgi a Addis Ababa, saboda jaka kan makale a hanya ta biyo jirgin gobe.

Zuwa a lokacin da dabbobin ba sa nan

Hoton da ya fi jan mutane shi ne na dubban nyumbu, dabbar nan mai gemu da ƙirar siririn sa, suna faɗawa kogin Mara kadoji na dako. Garken ya haura miliyan ɗaya, ga jakunan dawa a tare da shi, amma zagaye yake yi yana bin ruwan sama. Daga wajen Yuli zuwa Oktoba yana arewacin Serengeti da Masai Mara, lokacin tsallake kogi ke nan. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris yana kudu, yankin Ndutu, ana haihuwa, kuma a lokacin ne zaki da kura ke samun kaka. Wanda ya tafi Mara da hutun Kirsimeti don ya ga tsallake kogi zai ga zaki da giwa da raƙumin dawa, amma abin da ya biya kuɗi dominsa yana can wata ƙasar.

Ko a kan lokacin ma, babu jagoran kirki da zai yi muku alƙawarin ganin tsallakewar. Garke na iya taruwa a bakin gaɓa awa uku, ya fasa, ya juya. Maganin shi ne kwana uku ko huɗu a wuri ɗaya kusa da kogin, maimakon kwana ɗai-ɗai a gandun daji biyar.

Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi, farashi kan faɗi, hanyoyi su yi laka, wasu sansanoni su rufe. Arahar gaskiya ce, amma a san abin da ake saye.

Kallon jimillar kuɗi ba tare da karanta jadawali ba

Kamfani biyu za su ce "kwana 6 a Kenya", ɗaya ya ninka ɗaya a farashi, mutum ya ɗauki mai arahar yana ganin ya yi dabara. Ku karɓi jadawalin rana-rana a rubuce, ku ƙirga awannin da za a yi a cikin gandun dajin kansa. Daga Nairobi zuwa Mara awa 5 zuwa 6 ne a mota. Ranar zuwa da ranar dawowa sun tafi a kan titi; "kwana 3 a Mara" sau da yawa yini ɗaya ne cikakke.

Kuɗin shiga gandu shi ne abin da aka fi ɓoyewa. A Masai Mara, tun 2024 baƙo babba na biyan dala 100 a rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Iyali mai manya huɗu na kwana uku a watan Agusta, dala 2,400 ke nan kafin a yi maganar abinci ko makwanci. Idan takarda ba ta ce kuɗin yana ciki ba, to ba ya ciki. Haka ma masaukin: a cikin gandu yake ko a wajen ƙofa? Na waje ya fi sauƙi, amma kowace safiya sai an bi layi a ƙofa, alhali sa'ar farko bayan fitowar rana ita ce lokacin da zaki da damisa ke motsi. Da rana ta take, inuwa suke nema.

"Ƙaramin ayari" ma magana ce da kowa ke fassarawa yadda ya so. Tambayar da ta dace ita ce mutum nawa a mota ɗaya. Land Cruiser mai rufin da ake ɗagawa, mutum 6 kowa da tagarsa, shi ne daidai. Aka cusa na bakwai da na takwas, wani zai wuni a tsakiya yana kallon ƙeyar mutane. Farashin kuma na mutum biyu ne a ɗaki. Mace da ke tafiya ita kaɗai, ko duk wanda ba zai kwana da baƙo ba, akwai ƙarin kuɗin ɗaki, a tambaya tun farko. Tukuicin direba da ma'aikatan sansani, hawan balan-balan da asuba, da ziyarar ƙauyen Masai, duk daban ake biya.

Kafin a tura kafin alƙalami, a duba ko kamfanin na cikin ƙungiyar masu harkar: KATO a Kenya, TATO a Tanzaniya, AUTO a Yuganda. Idan ta hannun wakili a Abuja ne, a ga rajistarsa ta CAC, a tambaye shi sunan kamfanin da zai karɓe ku a can, a kira su a ji. Kuɗi ya shiga asusun kamfani, ba na wani mutum ba, kuma sharaɗin mayar da kuɗi idan biza ba ta fito ba ya kasance a rubuce.

Gorila

Tafiyar ganin gorila, wato goggon biri, ba ta yafe sakaci. Ana ba mutum 8 kacal izinin ziyartar kowane iyalin gorila a rana, awa ɗaya tak a gabansu, kuma ba a karɓar wanda bai kai shekara 15 ba. Cikakken kuɗin izini dala 1,500 ne a gandun Volcanoes na Ruwanda, dala 800 a Bwindi na Yuganda. Ku tambayi farashin 'yan Afirka kafin a yanka muku na Turawa. Izinin na rana ɗaya ne da sunan mutum ɗaya, kuma na watannin Yuni zuwa Satumba kan ƙare tun da watanni. Shi ake fara kamawa, sauran tafiyar a gina ta a kansa.

Mai mura ko tari ba a barinsa ya hau, domin cutar mutum tana kama su. Hawan kuma ba wasa ba ne: a wurare da yawa ana farawa daga tsayin da ya haura mita 2,000, cikin laka da ciyawa mai ƙaiƙayi, wata rana awa ɗaya, wata rana biyar. Mutumin Abuja da ya saba daga mota sai ofis ya fara tattaki wata biyu kafin tafiya. Takalmi mai kama idon sawu wanda aka riga aka saba da shi, safar hannu mai kauri, rigar ruwa, a cusa ƙafar wando cikin safa saboda tururuwa. A ɗauki ɗan dako. Kuɗinsa kaɗan ne, zai riƙe jaka ya ja hannunku a gangare, kuma mutanen ƙauyukan da ke gefen dajin ta nan suke cin moriyarsa.

Kaya

Ƙananan jiragen da ke tashi daga filin Wilson a Nairobi zuwa cikin daji kilo 15 suke ɗauka, har da jakar hannu, kuma jaka mai laushi, ba akwati mai tauri ba. Leda haramun ce a Ruwanda tun 2008, a Kenya tun 2017, a Tanzaniya tun 2019. A zazzage takalma da tsaraba daga cikinta tun a gida.

Sanyi na ba mutane mamaki. Yuni zuwa Agusta ne lokacin sanyinsu, bakin ramin Ngorongoro da ke Tanzaniya ya haura tsayin mita 2,000, ga mota a buɗe da ƙarfe 6 na safe. Ku shirya kamar za ku hau babur da asuba a Jos cikin Disamba: suwaita, jaket, hular sanyi, a riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya idan rana ta ɗaga. A guji baƙi da shuɗi mai duhu a gandun Tarangire na Tanzaniya da Serengeti, ƙudan tsando su yake bi. Kaya mai zanen kakin soja a bar shi a gida. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, kowa da nasa, ya fi sabuwar waya amfani, don damisar da ke kan bishiya a mita 100 ɗigo ce kawai a waya. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ba a tashinsa a gandu sai da izini na musamman.

Dala ta kasance sabuwa, wadda aka buga daga 2009 zuwa sama, ba yagewa ba rubutu. Ku duba kowace takarda a gaban ɗan canji a Zone 4 kafin ku tashi. Kada a dogara da katin naira shi kaɗai. Inshora kuwa a tabbata ta haɗa da ɗauko mara lafiya da jirgi daga daji, irin aikin da AMREF Flying Doctors ke yi daga Nairobi. Magunguna su zauna a kwalinsu da takardar likita. Tramadol da kodin na iya kai mutum gidan yari a ƙasashe irin su Masar.

Salla, abinci da zama da mutane

Ba a sauka daga mota a gandun daji sai a wuraren da aka keɓe. A fita da alwala, a gaya wa jagora tun daren jiya cewa ana son tsayawa a wurin cin abincin rana, a yi ƙasaru a haɗa azahar da la'asar. Alƙibla daga Kenya da Tanzaniya arewa take, ba gabas ba, mutane da yawa kan juya inda suka saba. Maganar naman halal a rubuta ta tun lokacin biyan kuɗi, domin sansanin da ke tsakiyar daji daga gari ake kawo masa kayan miya, ba zai iya sauyawa a ranar ba. Kilishi da dambun nama kada su kwana a tanti; ƙanshinsu na jawo kura da birai, kuma ƙasashe da yawa ba sa barin a shigo da nama.

Sansanoni da dama ba su da shinge. Da dare ba a fita daga tanti sai an haska tocila mai gadi ya zo ya yi rakiya, saboda dorina da ɓauna na kiwo har bakin ƙofa, kuma sun fi zaki yi wa mutane illa. A cikin mota ba a tafa hannu ko yin fito da baki don dabba ta juyo, ba a matsa wa direba ya bar hanya ya kusanci zaki. Shi za a ci tara, kuma yana iya rasa lasisinsa.

A ƙauyen Masai ko lungunan Stone Town, tsohon garin Zanzibar, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, yara kuma ta hannun iyayensu. Ba a ɗaukar hoton sojoji, 'yan sanda ko shingen bincike. Idan ɗan gari ya faɗi lokaci da Suwahili a sake tambaya, domin ƙirgarsu daga fitowar rana take farawa, ƙarfe ɗaya a bakinsa bakwai na safe ne, agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu. Wajen tsaraba, duk abin da aka yi da hauren giwa, fatar damisa, ƙoƙon kunkurun ruwa ko murjanin teku a bar shi a shagon, ko mai shago ya rantse yana da takarda. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare namun daji, CITES, ta hana ko ta taƙaita fataucinsu, kuma kwastan na can da na Abuja duka suna da ikon ƙwacewa su gurfanar da mai kayan.